Kwalaben Tsohon Rediyo da Jitar Samari

A gidaje da dama na ƙasarmu akwai tsohon rediyo wanda ya yi shekaru bai yi magana ba. Yana bisa kabad, ko ƙarƙashin gado. Ba a son yar da shi, gama da shi ne kakanni suka ji ELWA daga Laberiya, da Muryar Bishara, da Sashen Hausa na BBC wanda ya soma a 1957. In an buɗe bayan waɗansu, za a ga 'yan kwalabe a tsaye a jere, kamar ƙwan fitila amma dogaye. Masu gyara suna ce da su bawul. Su ne muke so mu yi zance a kai, domin mu nan Ruwan Godiya sun ba mu aiki ba kaɗan ba.

Ga dalili. Samarinmu masu kaɗa jita a majami'a da wurin biki sun gaji akwatin ƙara sauti daga wani kawunsu wanda ya yi aikin masaƙa a Kaduna. Akwatin mai bawul biyar ne, biyu kuwa sun mutu. Yaran suka bi gida gida suna roƙon tsofaffin rediyo, har suka tara kwalabe sun fi 20 a kwando. A ido dukansu 'yan uwan juna ne. Amma kama da wane ba ta wane. Zuwa Funtua ko Kano kuwa kuɗin mota ne, balle a shekarun da hanyar Faskari ta yi wuya, saboda haka ba mu da halin saye a kan wataƙila.

Mai karatu zai ce, me ya sa ake wahala da kayan da? Gaskiya na da ne. Wani Bature na Ingila, John Ambrose Fleming, ya ƙago bawul a 1904, Lee de Forest na Amurka kuma ya ƙara masa abin da ke sa shi ƙara sauti a 1906. Da aka samo taransista a 1947, sannu a hankali rediyo ya rabu da kwalba, ya zama ɗan ƙarami mai shiga aljihu. Masu jita ne suka ƙi saki. In an matsa wa bawul, muryarsa takan yi kauri da daɗi, ba ta tsage kunne. Shi ya sa har yau ana ƙera shi a Silobakiya, da birnin Saratob na Rasha, da ƙasar Sin. A watan Maris na 2022, bayan yaƙin Rasha da Yukiren ya tashi, ya yi wuya a kasuwannin duniya, kuɗinsa ya hau. Tsohon da ke ɗakinku, in mai kyau ne, ba na 'yan gwangwan ba ne.

Wani dattijo mai gyaran rediyo a Funtua ne ya buɗe mana ido. Da ya ga kwandon ya yi dariya, ya ce, "Yarana, kowace kwalba tana da suna a goshinta. Ku karanta tukuna." Ashe sunan ba ado ba ne, kowane harafi da maganarsa.

A kan na Turai, watau irin su Philips, Mullard da Telefunken, harafin fari yana faɗin wutar da siririyar wayar ciki take bukata domin ta yi zafi. E yana nufin bolt 6.3, shi ne kuwa akwatin jita ke so. D na rediyon batir ne, bolt 1.4 kaɗai. P yawanci daga tsohuwar talabijin yake. U kuma na rediyon da ba shi da taransifoma ne. Harafi na biyu yana faɗin aikinsa: C mai ɗaga ƙaramin sauti, CC biyu ne cikin kwalba ɗaya, L mai tura lasifika, Z mai miƙe wuta. Lambar ƙarshe ta ƙafafu ce. In ta soma da 8, kamar 83 ko 84, ƙafafu tara ne sirara. In ta soma da 3, kamar 34, gindin roba ne mai ƙafafu takwas da turke a tsakiya.

Da muka san wannan, kwandon ya rabu da kansa. Fiye da rabi masu D ne. Ba abin mamaki ba ne, gama a zamanin kakanninmu ba lantarki a ƙauye, rediyon batir aka sani. Masu E sun fito daga gidajen da wani ya zauna a Zariya ko Kano, malamin makaranta ko ma'aikacin jirgin ƙasa, ya komo da babban rediyo mai garmaho. Wanda ya fi ruɗin mutum shi ne UL84. Tsawonsa da ƙafafunsa daidai da EL84, yana shiga raminsa lafiya lau, amma wayarsa bolt 45 take so. A akwatin jita ba za ta ko yi ja ba.

Na Amurka dabam suke rubuta nasu. Lambar fari ce ke faɗin wuta, kamar 6V6, 6L6 da 12AX7. Sau da yawa kwalba ɗaya ce da suna biyu: 12AX7 shi ne ECC83, 6BQ5 shi ne EL84. A lura da ƙannen ECC83. Shi yana ɗaga sauti ninki 100, ECC81 ninki 60, ECC82 kuwa bai wuce 20 ba. Duk ramin ɗaya suke shiga, ba abin da zai ƙone, sai dai yaro ya yi ta murɗa maɓalli yana cewa jitarsa ta yi sanyi. Na Rasha kuma da haruffansu suke zuwa. Wanda ya yi kama da bakin ƙofa, П, shi ne P, wanda ya yi kama da H kuwa N ne. 6П14П yana tsayawa a madadin EL84. Amma 6Н2П, ko da aikinsa ya yi kusa da na ECC83, haɗin wayarsa dabam ne, sai mai gyara ya sāke shi.

Inda hasara take da gaske shi ne a manyan. Akwatunan Marshall sun saba da EL34, na Fender da 6L6 wanda RCA ta fitar a 1936, Vox AC30 kuwa EL84 huɗu yake ɗauka. EL34 da 6L6 gindinsu ɗaya, saboda haka mai sayarwa yana iya ce maka duk ɗaya ne. Ba ɗaya ba ne. Wayar EL34 tana shan amfiya 1.5, ta 6L6 kuwa 0.9. In aka ɗora wa taransifoma abin da ya fi ƙarfinsa sai ya yi zafi ya ƙone, shi ne kuwa mafi tsada a cikin akwatin duka.

In rubutun ya dushe, kada a wanke kwalbar, ko da tsumma mai laima, gama fentin yana gogewa nan da nan. A hura mata numfashi kamar mai goge madubi, a karkata ta ga tocila, sau da yawa inuwar haruffan takan fito. Sa'an nan a dubi kanta. Akwai wani tabo mai ƙyalli kamar azurfa, wanda aikinsa shan ragowar iska ne. In ya koma fari kamar alli, iska ta shiga, ta mutu ke nan. Mai mita yana iya gwada wayar: ƙafa ta 4 da ta 5 a masu tara, ta 2 da ta 7 a 6L6, 6V6 da EL34. Waɗansu na Mullard suna da 'yan haruffa da aka zana a jikin gilashi kusa da gindi, inda B ke nuna masana'antarsu ta Blackburn a Ingila. Telefunken na ainihi yakan zo da ɗan zane mai kusurwa huɗu a gilashin tsakanin ƙafafu. Masu saye a ƙasashen waje suna biyan kuɗi mai yawa a kan waɗannan, saboda haka akwai masu buga sunan a kan na banza.

Ga iyaye muna da magana guda. Cikin akwatin nan akwai wuta bolt 300 zuwa sama, kondensa kuma tana riƙe ta bayan an zare waya daga bango ko an kashe janareta. Tana kisa. Mun yarda yara su karanta kwalabe a kan tabarma yadda suke so, amma buɗe akwatin aikin mai gyara ne. Shi ne kuma ya gwada mana EL84 uku da aka samu, ya zaɓi biyu masu ƙarfi daidai, domin in ɗaya ya fi ɗaya, mai ƙarfin yakan ɗauki nauyin duka ya tsufa da wuri.

Akwatin yana magana yanzu. Abin da ya rage shi ne mai miƙe wuta, EZ81, wanda namu ya soma gajiya. Mun sami EZ80 har uku a cikin kwandon, ƙafafunsu daidai, amma shi miliamfiya 90 yake bayarwa, EZ81 kuwa 150. EL84 biyu sun fi ƙarfinsa. Mun naɗe su a takarda, mun rubuta sunan kowanne a kai, muna jiran mai zuwa kasuwar Sabon Gari ta Kano bayan kaka.