Kalmar da Ta Ba Ni Kunya

Ya kai ɗalibi, bari in ba ka labarin wani kuskure da na yi a shekarar da na fara koyarwa.

Wani attajiri ya gina wa makarantarmu rijiyar burtsatse. Ranar da za a buɗe ta, shugaban makaranta ya ce in yi jawabin maraba da Turanci. Na so in burge jama'a, sai na kira baƙon namu "big shot", domin na sha jin kalmar a finafinan Amurka. Ina tsammanin ma'anarta babban mutum kawai. Da na faɗe ta, sai na ga baƙon ya ɗaure fuska. Bayan taro, shugaba ya kira ni gefe ya ce, "Malam, mutum ya ba mu ruwa, kai kuma ka yi masa ba'a?" Ranar ko abinci ban iya ci ba.

Daga baya na bincika. Gaskiya ne "big shot" na nufin mutum mai muƙami ko mai faɗa a ji, amma sau da yawa da gatse ake faɗar ta, kamar ana cewa yana ji da kansa. Kalmar hira ce tsakanin abokai, ba a kai ta wurin taro. Tana da 'yan'uwa. "Hotshot" shi ne gwani, galibi matashi, wanda ya san ya iya kuma yake son a sani. "Show-off" zargi ne kai tsaye ga mai son a kalle shi. "Fat cat" kuwa suka ce ga mai dukiyar da ake ganin ya ci da gumin wasu. A nan Nijeriya ana cewa "big man", kuma a Turancin Buroka akwai "money miss road", wato wanda ya samu kuɗi bai san yadda zai kashe su ba.

Me ya sa nake kawo maka wannan a darasin Hausa? Domin irin wannan rami yana jiranka a harshen da kake koyo. Idan ka kira mutum attajiri ko hamshaƙin ɗan kasuwa, ka girmama shi. Idan ka ce ɗan gaye ne ko ɗan ƙwalisa, kana nufin mai son ado, kuma wasa ne da ya dace da tsaranka, bai dace da dattijo ba. Idan kuwa ka ce mai fankama ne ko mai fariya, to ka zage shi. Hausawa na cewa fankam-fankam ba shi ne kilishi ba, wato cika baki ba ya nuna inganci.

Saboda haka, in ka ji sabuwar kalma, kada ka tsaya ga ƙamus kaɗai. Lura da wanda ya faɗe ta, da wanda aka faɗa wa, da ko an yi dariya bayanta. In kana shakka, tambayi malaminka kafin ka furta, domin magana zarar bunu ce.

Ni dai washegari na je gidan attajirin na ba shi haƙuri. Ya yi murmushi ya ce, "Ba komai, ɗana. Nan gaba ka ce Alhaji, ya isa."