Dalilin Da Ya Sa Ba Mu Fara Benen Islamiyya Ba

Tun bayan ƙaramar salla ake tare mu a kasuwa da ƙofar masallaci da tambaya guda: Malam, ina maganar benen Islamiyya? An tara kuɗi, an yi addu'a, amma har yau ba a ga tifa ɗaya ta yashi ba. Wata dattijuwa mai ƙosai, wadda ba ta fashin kawo gudummawarta duk Juma'a, ta aiko jikanta ya tambaye mu ko kuɗin sun yi ƙafa ne. Ba mu ji haushi ba, haƙƙinta ne ta sani.

Niyyarmu ta farko mai sauƙi ce: a kware kwanon masallaci, a zuba dekin, wato rufin kankare, a ɗora ajujuwa uku a sama. Kun san yadda Sabo take. Tun da aka kafa ta a Ibadan a 1916 mutane ke ƙaruwa, fili kuwa ba ya ƙaruwa, shi ya sa duk mai son faɗaɗa gida sai ya dubi sama. Muka kira Baba birkila, wanda ya daɗe yana mana aiki. Ya zaga, ya auna da ido, ya yanke kuɗi. Muka ce a fara, Allah zai rufa asiri.

Ana cikin haka sai wani yaronmu ya zo hutun salla. A gabanmu ya yi karatun allo, daga baya ya karanci zanen gine-gine, yanzu yana aiki da wani kamfani a Legas. Ya durƙusa ya ce: "Baba Liman, ku ba ni mako biyu kafin a taɓa kwanon nan." Ya auna kowane lungu da tef, sannan ya dawo da kwamfuta ya ce ya sa masallacin cikin BIM. Baba birkila ya ce: "Bim kuma? Ai ni zan zuba bim!" Shi yana nufin gungumen kankaren da ke ɗauke da dekin. Aka yi dariya, yaron ya yi bayani.

Ga abin da muka fahimta. Filan da muka saba gani zane ne kawai a takarda. A wannan tsari kuwa, ana gina ginin ne gaba ɗaya a cikin kwamfuta tun ba a haƙa ƙasa ba. Kowane bango yana ɗauke da bayaninsa: tsawonsa, kaurinsa, bulo mai inci tara ne ko mai inci shida. In ka matsar da bangon, duk zanen ya gyara kansa, lissafin bulo ma ya sauya. Mai zane, da injiniya, da mai aikin famfo, da mai wayarin, duk a kan gini ɗaya suke aiki, saboda haka in aikin wani ya ci karo da na wani, nan take za a gani. Manhajar da ya yi amfani da ita sunanta Revit, ta kamfanin Autodesk na Amurka. A Ingila tun 2016 gwamnati ta wajabta wannan tsari a ayyukan gine-ginenta. A nan ƙasar galibi manyan kamfanoni ne ke amfani da shi, don lasisin da dala ake biya, ga shi yana son kwamfuta mai ƙarfi da wuta mai zama.

Gani ya kori ji. Ya juya masallacin a gabanmu, muka shiga ciki, muka hau benen da ba a gina ba. Nan muka ga matakalar da muka tsara a kan wurin alwala za ta sauka, kuma ƙuntatacciya ce ga yaran da ke fitowa a guje in an tashi. Muka ga wani ginshiƙi zai tsaya a tsakiyar sahun farko. Muka ga bututun bayan gida zai ratsa ta cikin bim. Duk mun san yadda ake yi in haka ta faru: mai famfo ya zo daga baya da guduma ya fasa kankare, wani lokaci har ya yanke rodi, a shafe da filasta, kowa ya yi shiru. A kwamfuta kafin la'asar an gyara ukun, ba a yi asarar buhu ko ɗaya ba.

Mu 'yan kasuwa, abin da ya fi shiga ranmu shi ne lissafi. Ta fitar da jerin kaya kamar littafin shago: bulo kaza, kankare kaza, daga nan ya fitar da buhunan siminti da rodi. Jimillar ta ɗara abin da aka yanka mana nesa ba kusa ba. Ma'ana da mun fara, da kuɗi sun ƙare masallaci na buɗe ba rufi, damina na tafe.

Amma babbar maganar ba kwamfuta ce ta faɗe ta ba. Yaron ya ce: "Baba, na'urar nan abin da aka gaya mata kawai ta sani. In na ce ta ɗora hawa goma a nan, za ta zana. Ba ta san abin da ke ƙarƙashin ƙasa ba." Ya ce sai an kawo injiniyan gini mai rajista da hukumar COREN. Injiniya ya zo, aka tona gefen harsashi, aka ɓantare jikin ginshiƙai. Ashe harsashin na gini mai kwano ne, ba a yi shi don ɗaukar bene ba. Rodin ciki sirara ne, wasu kusurwoyin ma bulo ne zalla.

Daren nan ba mu yi barci ba. Mun tuna benen Ita Faji a Legas da ya rufta a Maris 2019, ga makarantar firamare a samansa. Mun tuna bene mai hawa 21 na Ikoyi da ya zube a Nuwamba 2021, ya ci fiye da mutum arba'in. Mun tuna makarantar Jos ta Yulin 2024, inda aka rasa mutum 22, galibi ɗalibai. Mu kuma ga yara za mu sa a sama, ga masallata a ƙasa.

A kwamiti an yi ta muhawara. Wasu suka ce wannan tsirfar 'yan boko ce, ina tawakkali? Ba za mu ɓoye ba, mu ma mun so a ce a lokacinmu aka yi ginin, kuma mun ji kunyar fuskantar masu ba da sadaka. Amma wanda ya ga rami ya tura ɗan wani ciki ba tawakkali ya yi ba. Kuɗin nan amana ne, yaran kuwa amana ce da ta fi kuɗin nauyi.

Baba birkila ya ɗan ji ba daɗi, yana ganin an raina aikinsa. Sai ga shi ranar da ake neman inda za a kafa sababbin ginshiƙai, ya nuna wani wuri ya ce kada a kuskura, tsohon sokawe ne aka cike da shara shekaru da yawa. Babu wannan a kowace takarda. Yaron ya shigar da shi, ya matsar da ginshiƙin, ya ce: "Baba, ku kuka san ƙasar nan." Tun daga ranar tare suke zama.

Ga inda aka tsaya. Za a kafa sababbin ginshiƙai masu nasu harsashi, su za su ɗauki benen, ba tsohon bango ba. Za a kai zanen ofishin tsara gari a sami izini kafin a fara. Kuɗinku na banki, ba a taɓa su ba sai abin da aka biya injiniya, rasit ɗin kuma yana manne a allon masallaci tare da jerin kayan. Duk mai so ya zo ya duba, ya tambaya.

In an fara za mu bukaci masu sa ido, don kwamfuta ba ta hana a rage siminti. Buhu kilo 50 ne, sai an tsaya an ga haɗin da injiniya ya rubuta shi ake kwaɓawa, ana ba kankare ruwa, ba a gaggauta cire katakon tokara ba. Kankare sai ya kwana 28 ake auna cikar ƙarfinsa.

Masu niyyar ɗora bene a gidajensu, don Allah ku nemi masu ilimin nan tun ba ku sayi bulo ba, muna da su cikin 'ya'yanmu. Ita kuma Iya mai ƙosai, kuɗinki ba su yi ƙafa ba, sai dai a ƙara haƙuri. Allah Ya tsare mana zuri'a, amin.