Maraya A Hannun Marayu: Tunawa Da Kofur Wojtek

Masu iya magana sun ce waiwaye adon tafiya. A wannan fitowa muna so mu waiwaya zuwa zamanin Yaƙin Duniya na Biyu, wanda iyayenmu ke kira Yaƙin Hitila, domin mu tuna da wani soja na rundunar ƙasar Folan wanda ya kai muƙamin kofur, alhali kuwa ba ɗan Adam ba ne. Dabba ce irin wadda ake kira beyar, wadda ba mu da ita a dazuzzukanmu. Mai karatu ya ƙiyasta wata ƙatuwar halitta mai yawan gashi da manyan farata, wadda kan miƙe a kan ƙafafunta na baya har ta kere dogon mutum. Sunan wannan soja Wojtek, a bakin masu harshen kuwa ana jin sa kamar "Boitek".

Mu da muka tashi muna bin masu wasa da kura a ranar kasuwa, mun san yadda zaman mutum da naman daji yakan kasance. Akwai takunkumi, akwai sarƙa, akwai kulki, shi ya sa ma aka ce kura da shan bugu, gardi da kwashe kuɗi. Abin da ya sa labarin Wojtek ya tsaya mana a rai shi ne, waɗanda suka riƙe shi ba su neme shi don kuɗi ko nuna bajinta ba. Kafin a gane dalilinsu kuwa, dole a san ko su wane ne su, da kuma irin hanyar da ta kawo su inda suka gamu da shi.

Ƙasar Folan tana tsakanin Jamus da Rasha ne, zaman gaba kura baya sayaki. Ranar 1 ga Satumba, 1939 Jamus ta auka mata daga yamma, ranar 17 ga watan kuma Tarayyar Sobiyet ta shigo daga gabas, suka raba ta biyu. A 1940 da 1941 gwamnatin Sitalin ta kwashe dubban ɗaruruwan mutanen gabashin ƙasar, maza da mata da yara, ta zuba su a taragun dabbobi zuwa Saiberiya da Kazakistan, inda yunwa da sanyi da aikin tilas suka yi ta cin su. A 1940 ɗin ne kuma aka harbe hafsoshi da masu ilimin ƙasar kimanin 22,000, kisan da ake kira na Katin. Sai da Hitila ya juya ya far wa Rasha a watan Yuni na 1941 sannan Sitalin ya yarda ya saki sauran, aka kafa runduna da su a ƙarƙashin Janar Anders, wanda shi kansa daga kurkukun Mosko aka fito da shi. A 1942 aka ƙetarar da mutum fiye da 110,000, soja da farar hula, ta tekun Kasfiya zuwa ƙasar Iran. Da yawansu sun iso daga su sai ƙashi da fata, wasu ma sun cika ne kwanaki kaɗan bayan saukarsu, kaburburansu suna nan a Tehran har yau.

To, waɗannan mutane ne, a watan Afrilu na 1942, suka gamu da wani yaro a kusa da garin Hamadan, ɗauke da ɗan jaririn beyar wanda maharba suka kashe uwarsa. Wani hafsa ya saye shi domin wata budurwa 'yar gudun hijira da ta nuna tana son sa. Ita ta riƙe shi na 'yan watanni a sansanin 'yan gudun hijira kusa da Tehran, da ya fara fin ƙarfinta sai aka miƙa shi ga wani kamfanin sojan sufuri, wanda daga baya aka san shi da Kamfani na 22 mai kai wa masu igwa harsasai. Su suka raɗa masa suna Wojtek, wato sunan lele na Wojciech, wani tsohon suna nasu mai ma'anar mayaƙi mai farin ciki. Da madarar gwangwani aka rene shi, ana ɗura masa ta bakin kwalba, idan sanyi ya dame shi da dare kuma sai ya shige cikin tanti ya kwanta jikin masu kula da shi, musamman wani dattijon soja mai suna Piotr Prendys, wanda ya zame masa uwa da uba.

A nan ne muke so mai karatu ya ɗan dakata. Mutumin da jiya-jiya yake rabon ɓawon burodi da 'yan'uwansa fursunoni, me zai sa ya ɗebi madararsa ya ba dabba? Wannan tambaya ita ta fi damun mu a duk labarin, amsar da muka gamsu da ita kuwa ita ce, maraya ne ya faɗo hannun marayu. Mafi yawan sojojin nan ba su san inda iyayensu ko matansu ko 'ya'yansu suke ba, wasu kuma da hannunsu suka rufe nasu a cikin ƙanƙara. An ƙwace musu gida da gona da ƙasa, an mayar da su lamba a littafin mai gadi. Wanda aka yi wa haka ba abinci kaɗai yake bukata ba, yana bukatar wani rai da zai dogara da shi, wanda idan ya yi sakaci zai kwana da yunwa. Rashin uwa kan sa a yi uwar ɗaki, in ji Bahaushe. Su kuwa rashin 'ya'ya ya sa suka yi ɗa da abin da Allah ya jefo musu a hanya. A ganinmu, ba su ne kaɗai suka ceci Wojtek ba, shi ma ya taimaka wajen mayar da su mutane.

Haka ya bi su daga Iran zuwa Iraƙi, zuwa Sham da Falasɗinu, har Masar. Ya saba da zama a gaban mota kusa da direba, ya iya kokawar wasa da sojoji ba tare da ya ji wa kowa ciwo ba, yana kuma son wanka da shan zuma da 'ya'yan itace. Ba za mu ɓoye ba, sun kuma koya masa shan giya da haɗiye taba, abin da babu mai hankalin da zai kira shi kyautatawa. Zaman bariki ne, abin da suke da shi suka ba shi, mai kyau da maras kyau.

A farkon 1944 aka ba rundunar umarnin tashi daga Iskandariyya zuwa Italiya a jirgin ruwan Ingilishi, dokar jirgin kuwa ta hana ɗaukar dabbobin sha'awa. Maimakon su bar shi a baya, sai suka shigar da shi aikin soja a hukumance, aka ba shi muƙamin farabiti da lamba da littafin albashi, ya hau jirgi kamar kowane soja. Akan ba da wannan labari don raha, amma mu ba dariya kaɗai yake ba mu ba. Mutanen da takardar hukuma ta raba da ƙasarsu, su ne suka koyi yadda ake sarrafa takardar hukuma don kada a raba su da nasu.

A Italiya suka tarar da Monte Kasino, wani dutse mai tsohon gidan ibadar Kirista a ƙwanƙolinsa, wanda ya tare hanyar zuwa Rum. Tun watan Janairu sojojin ƙawance suke kai hari Jamusawa suna mayar da su. A watan Mayu aka ɗora wa 'yan Folan nauyin hawa dutsen, ranar 18 ga Mayu, 1944 suka kafa tutarsu a kan kufan ginin, bayan sun rasa mutum kusan 1,000. Aikin Kamfani na 22 shi ne kai akwatunan harsasai bakin igwa, kuma sojojin da suka halarta sun ba da labarin cewa Wojtek ya riƙa rungumar akwatuna yana tafiya da ƙafa biyu kamar yadda ya ga mutanensa suna yi. Bayan yaƙin aka ƙara masa girma zuwa kofur, kamfanin kuma ya mayar da hoton beyar ɗauke da harsashin igwa tambarinsa, a jikin motoci da kakin soja.

Da a ce labarin ƙirƙira ne, a nan marubuci zai mayar da kowa gida da kiɗa da guɗa. To amma fa duniya ba ta bin tsarin littafi. A taron Yalta na watan Fabrairu, 1945 manyan ƙasashe suka amince gabashin Folan, mahaifar akasarin sojojin nan, ya zauna a hannun Tarayyar Sobiyet, sauran ƙasar kuma ta faɗa ƙarƙashin mulkin kwaminis har zuwa 1989. Da aka yi faretin nasara a Landan a watan Yuni na 1946, rundunar Anders ba ta cikin masu maci, a shekarar ce kuma gwamnatin Warso ta ƙwace wa janar ɗin kansa takardar zama ɗan ƙasa. Kura ta sha bugu, gardi ya kwashe kuɗi. Mafi yawansu suka ƙi komawa hannun wanda ya taɓa ɗaure su, suka warwatsu a Birtaniya da Kanada da Ostireliya da sauran ƙasashe.

Shi kuwa Wojtek, a 1946 ya sauka Sikotilan tare da kamfaninsa, a wani sansani na karkara kusa da iyakar Ingila, inda yaran ƙauye suka shaƙu da shi. Da aka sallami sojojin, babu mai gidan da zai ɗauki dabba mai wannan girma, don haka a watan Nuwamba na 1947 aka kai shi gidan ajiye namun daji na Edinbara. Shekara 16 ya yi a can. Tsofaffin abokansa sukan ziyarce shi, an ce da ya ji an yi magana da harshen Folan sai ya ɗago kai ya matso bakin shinge. Allahu Akbar! Ga dabbar da ba za ta iya komawa duwatsun Iran ba, ga mutanen da ba za su iya komawa garuruwansu ba, suna duban juna ta tsakanin ƙarafa. Ya mutu a watan Disamba na 1963 yana da shekara 21. Janar Anders kuwa ya rasu a Landan a 1970, aka kai shi Monte Kasino aka rufe shi a tsakiyar sojojinsa.

Yau akwai mutum-mutumin Wojtek a birnin Karakow na Folan tun 2014, da wani a tsakiyar Edinbara tun 2015, wanda ya nuna shi yana tafiya kafaɗa da kafaɗa da wani soja. Wannan na biyun ya fi burge mu, domin bai raba dabbar da mutumin ba. Tsoronmu shi ne kada a riƙe labarin beyar mai shan giya a manta da taragun Saiberiya da kaburburan Tehran. Amma kuma gaskiya ce, mutane da yawa a duniya ba su taɓa jin labarin rundunar Anders ba sai ta dalilin wannan dabba. Ita ce ƙofar da suke shiga ta cikinta.

Wannan shi ne abin da ya shafe mu a matsayinmu na marubuta. Yaƙin nan bai tsallake mu ba: iyayenmu sun yi shi a dazuzzukan Bama cikin runduna ta 81 da ta 82 ta Afirka ta Yamma, har ma an turo wasu hafsoshin Folan sun yi aiki da sojojin yankinmu a waɗancan shekaru. Mazan jiyanmu kusan duk sun riga mu gidan gaskiya, labaransu kuwa sun rage a bakin 'ya'ya da jikoki, a tsohuwar lambar yabo da ke ƙasan adaka, da hoton da ya fara cinyewa. Jikokin sojojin Folan sun riƙe ɗan ƙaramin labari, ya riƙe musu babba. Mu ma idan muka zauna da tsofaffin gidajenmu muka tambaya, ba za mu rasa irin wannan ɗan zaren da za mu ja ba, kafin masu riƙe da shi su ma su tafi.

Allah ya ji ƙan mazan jiya, ya sa mu zama masu tausayin duk wani mai rai.