Labarin da Ya Tona Mini Asiri



Bara na karanta wani gajeren labarina a zaman ƙungiyarmu. A cikinsa Sarkin Gwandu ya fito daga fadarsa da ke garin Gwandu, ya tsige ciyaman ɗin wata ƙaramar hukuma saboda rijiyar burtsatse da ta lalace. Ina gamawa aka tafa. Sai wani dattijo, tsohon malamin firamare, ya ce: "Ɗana, alƙalaminka yana da daɗi, amma fadar Sarkin Gwandu tana Birnin Kebbi, kuma sarki ba ya tsige ciyaman."

Wallahi na ji kunya. A Kalgo aka haife ni, ga difloma a hannu, amma ban san yadda ake mulkin garinmu ba.

Washegari na bi shi gida, ya warware mini. Hanya biyu ce. Ta sarauta tana farawa daga mai unguwa zuwa hakimi, zuwa uban ƙasa, sannan sarki. Su ke sulhu da shaidar wane ɗan wane ne. Ta gwamnati kuwa, kowace mazaɓa tana da kansila, sama da su akwai ciyaman da mataimakinsa, sai sakatare da ma'aji da sassan lafiya, noma da ayyuka. Kasuwa, tasha, kwashe shara da asibitin sha-ka-tafi duk suna wuyansu. Kalgo da Gwandu kowace ƙaramar hukuma ce mai zaman kanta cikin 21 na Jihar Kebbi, duk da masarautarsu ɗaya. Garin Gwandu yana nan da hubbaren Shehu Abdullahi ɗan Fodiyo.

Abin da ya fi taɓa ni shi ne rijiyar. Ba ƙirƙira ba ce, ta unguwarmu ce, ƙannena mata ke tafiya nesa ɗebo ruwa. Wata da watanni muna kiran sunan gwamna a Facebook, alhali ko sau ɗaya ba mu ƙwanƙwasa ƙofar kansilanmu ba. A watan Yulin 2024 Kotun Ƙoli ta ce a riƙa ba ƙananan hukumomi 774 kuɗinsu kai tsaye. Wa zai tambayi inda kuɗin suka shiga idan bai san ofishin da zai je ba?

Na sake rubuta labarin. Yanzu jarumata tana kai kuka gidan kansila da takarda a hannu. Ranar Litinin mu ma za mu kai tamu.