Da Wane Harshe Za A Koyar Da 'Ya'yanmu A Agege?



A taron ƙungiya na ƙarshen watan jiya, bayan an gama lissafin kuɗin wata-wata da maganar gudummawar marasa lafiya, wani dattijo daga cikinmu ya nemi a ba shi minti biyu. Ya ce mahaifiyarsa ta zo daga Daura ganin likita, ta yi mako uku a gidansa. Wani dare ta jawo jikarta 'yar shekara takwas ta ce za ta yi mata tatsuniya. Tsohuwa ta buɗe da gatanan gatananku, ta tsaya tana jiran amsa. Yarinya ta zuba mata ido, can ta waiwayi uwarta ta tambaya da Yarabanci ko me Hajiya take nufi. Da gari ya waye tsohuwar ta kira ɗanta ta ce masa, "Kai, yaran nan naka baƙi ne a wurina."

Mun yi dariya, amma dariyar ba ta yi nisa ba, domin kusan kowa a wurin yana da irin wannan labari a gidansa. 'Ya'yanmu suna jin Hausa a ɗaki, suna wasa da Yarabanci a layi, suna ciniki da Turancin buroka a kasuwa, a aji kuma a yi musu karatu da Turanci. Ƙanana ne, amma suna ɗauke da harsuna huɗu, kuma wanda ya fi rauni a bakinsu shi ne namu.

Abin da ya tayar da maganar shi ne sanarwar da ministan ilimi, Dakta Tunji Alausa, ya yi a watan Nuwamba na 2025, cewa gwamnatin tarayya ta soke manufar koyarwa da harshen uwa, Turanci ne zai zama harshen koyarwa tun daga ajin farko har jami'a. Tun lokacin ake ta muhawara a rediyo da Facebook. Mun saurari ɓangarorin biyu da kyau, ba mu ji wanda ya ambaci irinmu ba, wato yaron da harshen gidansu daban, harshen garin da aka haife shi daban.

Ga wanda bai bi maganar daga tushe ba, tsohuwa ce. Manufar ilimi ta ƙasa da aka fara fitarwa a 1977 ta tanadi a koyar da yaro da harshen uwarsa ko harshen yankin da yake zaune a shekarun farko na firamare, daga baya a koma Turanci. A aikace an fahimci hakan a matsayin aji ɗaya zuwa uku. A watan Nuwamba na 2022, zamanin da Malam Adamu Adamu yake minista, majalisar zartarwa ta tarayya ta amince a tsawaita abin ya cika shekara shida na firamare. Tun a ranar sanarwar shi ministan ya yarda cewa aiwatarwa za ta yi wuya sai an samar da littattafai da malamai. Shekara uku bayan nan aka soke ta. Yaron da ya shiga aji ɗaya lokacin da aka kafa manufar, bai gama aji huɗu ba aka rushe ta.

Hujjar minista Alausa ita ce sakamakon jarrabawar WAEC da NECO da JAMB ya fi muni a yankunan da suka fi dogaro da harshen gida wajen koyarwa. Masana harshe da dama sun mayar masa da martani cewa yaran da suka rubuta waɗannan jarrabawa sun bar firamare tun kafin 2022, don haka ba manufar ce ta kayar da su ba. Suna kuma tuna wa gwamnati gwajin da Farfesa Babs Fafunwa ya jagoranta a Jami'ar Ife daga 1970, inda aka koyar da wasu yara duk darussan firamare da Yarabanci har shekara shida, Turanci kuma ya zama darasi mai zaman kansa. Yaran ba su gaza takwarorinsu ba, har a Turancin ma, kuma a darussa da yawa sun fi su. Shi Fafunwa ya riƙe ma'aikatar ilimi daga 1990 zuwa 1992.

A taronmu ma kawuna sun rabu. Wasu sun ce gara da aka soke. Dalilinsu a fili yake: a Legas, "harshen yankin" yana nufin Yarabanci. Da an aiwatar da manufar 2022 yadda aka rubuta ta, ɗan Bahaushe a Agege ko Idi-Araba ko Mile 12 zai yi shekara shida yana koyon lissafi da kimiyya da Yarabanci, ya dawo gida da aikin da uwarsa ba za ta iya duba masa ba. Da Turanci, in ji su, kowa baƙo ne, ɗan Bayarabe da ɗan Ibo da namu duk layi ɗaya suke. Wata daga cikin matanmu ta ce ko yanzu idan ɗanta ya zo da aikin gida na darasin Yarabanci, wurin maƙwabciyarta mai sayar da amala take tura shi, kuma matar ba ta taɓa ƙosawa ba, Allah Ya saka mata. Amma darasi ɗaya ke nan. Ina ga a ce duka ne?

Wasu kuma sun ce mu daina duban Agege kaɗai. Kowannenmu yana da ƙanne da 'ya'yan 'yan uwa a ƙauyukan Katsina da Jigawa da Zamfara, inda yaro zai kai shekara shida bai taɓa jin an yi jimla guda da Turanci ba. A sa shi a aji a ce malami ya fara masa da Turanci, alhali malamin ma Turancin nasa sai a hankali, abin da zai fito shi ne hadda ba fahimta. Da yawanmu ta wannan hanya muka bi. Mun rera jadawalin lissafi kamar waƙa, sai da muka shiga kasuwa muka gane abin da muke rerawa. Waɗannan 'yan uwa suna ganin soke manufar zai ƙara wa yaran Arewa nauyi a kan wanda suke ɗauke da shi.

Bayan an yi ta ja-in-ja, mun tsaya a kan cewa duka ɓangarorin suna da gaskiya, kuma wannan shi ne matsalar. Ƙasa mai harsuna sama da 500, ana so a yi mata doka ɗaya daga Abuja, yau a ce kowa ya yi da harshen uwa, gobe a ce kowa ya yi da Turanci. Ajin da ke ƙauyen Daura, inda yara duka Hausa suke ji, ba ɗaya yake da ajin Agege mai yara daga ƙabila biyar ba. Sannan mun san makarantun da muke kai yaranmu. Ajin da yara suka yi wa malami ɗaya yawa, wasu a ƙasa, littafi ɗaya na mutum uku, ko da wane harshe aka yi karatun sakamakon ba zai yi kyau ba. Sauya harshe a takarda ya fi arha a kan ɗaukar malamai da buga littattafai, shi ya sa kowane minista yake farawa da shi.

Ba kuma a harshe kaɗai muke ganin wannan juye-juye ba. A 2024 ministan lokacin, Farfesa Tahir Mamman, ya ce sai mai shekara 18 zai shiga jami'a. Wasu iyaye a cikinmu har sun fara tunanin sana'ar da za su sa yaran da suka gama sakandare da wuri kafin shekarunsu su cika. Kafin shekarar ta ƙare aka sauya minista, sabon ya mayar da abin 16. Su a can sanarwa ce, mu a nan shekarar yaro ce da kuɗin fom.

Akwai abin da ya kamata mu sani game da doka, don mu san ƙofar da za mu buga. Kundin tsarin mulki na 1999 ya sa ilimi cikin abubuwan da tarayya da jihohi suke da hannu a kai tare. Ma'ana, Abuja tana tsara manufa da manhaja, amma makarantun firamare da na sakandare da yaranmu suke zuwa a hannun jiha da ƙananan hukumomi suke. Shi ya sa dokar da Jihar Legas ta yi a 2018, wadda ta wajabta koyar da Yarabanci a makarantun jihar, tana nan daram, sanarwar minista ba ta shafe ta ba. Mu ba mu da ja da wannan doka. Mutane ne suka ga harshensu yana zamewa daga bakin 'ya'yansu suka tashi tsaye, kuma yaron da zai yi rayuwa a Legas Yarabanci jari ne a gare shi. Abin kunyar namu ne, da muka zauna muna jiran wani ya yi mana irin haka.

Sai dokar ilimin bai-ɗaya ta 2004, wadda ta kafa hukumar UBEC. Ta ce karatun shekara tara, shida na firamare da uku na ƙaramar sakandare, kyauta ne kuma dole ne ga kowane yaro ɗan Najeriya. Ba ta ce sai ɗan asalin jiha ba. Ta ware aƙalla kashi 2 cikin 100 na kuɗin shigar gwamnatin tarayya don wannan aiki, da sharaɗin jiha ta kawo nata kason kafin ta karɓa. Ta kuma ɗora wa iyaye nauyi: wanda ya ƙi sa ɗansa makaranta, karon farko gargaɗi, karo na biyu tarar naira 2,000 ko ɗaurin wata ɗaya. A 2017 babbar kotun tarayya a Abuja ta yanke hukuncin cewa wannan haƙƙi ne da ɗan ƙasa zai iya nema a gaban kotu. Saboda haka ɗanmu a makarantar gwamnati a Legas ba alfarma ake yi masa ba, kuma mu iyayensa muna da bakin magana a kan yadda ake koyar da shi. Gaskiyar da ba ma so a faɗa ita ce, ranar taron iyaye da malamai kujerunmu ne suke zama babu kowa, muna kasuwa.

Wani abin da ke ƙara mana damuwa shi ne ranar komawa gida. Da yawanmu, idan yaro ya gama sakandare, Arewa muke tura shi neman gurbin karatu, saboda takardar shaidar asalinsa ta ƙaramar hukumar kakansa ce, ba ta inda aka yanke masa cibiya ba. Sai ya isa Kano ko Zariya, takarda ta ce ɗan gida ne, baki ya ce baƙo ne. A Legas ana kiransa aboki, a Kano ana kiransa ɗan Ikko. Wani matashi daga cikinmu ya ce shekararsa ta farko a can ya fi sakewa da ɗaliban Yarabawa, don tsoron kada a yi wa Hausarsa dariya. Harshen da ake buga jarida da shi tun 1939, lokacin da Gaskiya Ta Fi Kwabo ta fara fitowa a Zariya, wanda sashe na 55 na kundin tsarin mulki ya lissafa cikin harsunan da majalisar tarayya za ta iya aiki da su, ɗanmu ba ya iya karanta saƙon waya da aka rubuto masa da shi.

Kafin a tashi taro mun yanke abu uku. Na farko, za mu buɗe ajin karatu da rubutun Hausa ranar Asabar, awa biyu da safe, ga yara 'yan shekara shida zuwa goma sha biyar. Muna da masu NCE ta Hausa a cikinmu da ke tuƙa Keke ko tsaron shago, biyu sun riga sun ce za su koyar, ƙungiya za ta riƙa ba su kuɗin mota. Na biyu, kowace makarantar gwamnati da yaranmu suke da yawa a cikinta, za mu sa mutum biyu, namiji da mace, su riƙa halartar taron iyaye da malamai suna kawo mana rahoto. Na uku, za mu ƙirga yaranmu makaranta-makaranta. Hausa darasi ce da ake rubutawa a WAEC da NECO da JAMB, amma a makarantun da muka sani da wuya ka tarar da mai koyar da ita. Idan muka je wurin hukumar ilimi ta jiha da sunaye da adadi a hannu, mu roƙi a turo malamin Hausa inda yaranmu suka taru, maganarmu za ta fi nauyi a kan mu je da ƙorafi kawai.

Wannan ba zai warware muhawarar Abuja ba, kuma ba mamaki wani ministan ya zo ya sake juya ta. Amma yarinyar nan 'yar shekara takwas ba za ta jira su gama ba. Mahaifinta ne ya fara rubuta suna a takardar ajin Asabar, ya ce yana so kafin Hajiya ta dawo ganin likita yarinyar ta iya amsa mata.

Duk mai yaro a makaranta, don Allah ya zo taro na gaba da sunan yaron da ajinsa da sunan makarantarsa. Mata su miƙa nasu ta hannun shugabar mata. Mai tsofaffin littattafan Hausa na firamare a gida, ko sun yage, ya kawo, za mu ɗinke su.

Allah Ya raya mana zuri'a, Ya sa mu dace.