Bazarar da Na Fara Hawa Keke

A 1988 na fara koyarwa a wata firamare da ke bayan garin Daura, kan hanyar Zango. Jihar Katsina ba ta ko cika shekara da rabuwa da Kaduna ba, tsarin tsuke bakin aljihu na SAP kuwa ya riga ya zare wa albashi albarka. Adashi muka yi mu malamai. Da ɗaukata ta zo na sayi baƙin keke Raleigh na hannu, irin wanda ake harhaɗawa a Bompai ta Kano. Ranar da na turo shi gidanmu a Kusugu, Inna ta shafa sirdinsa ta ce, "Allah ya sa abokin arziki ne."

Azumin shekarar ya kama a tsakiyar Afrilu, lokacin da zafin Daura kan haura digiri 40. Tafiyar safe ba ta da wuya. In na idar da Asuba na taɓa karatu, sai in naɗe ƙafar wando saboda sarƙa, in ɗaure littattafai a kariya, in bi ta gefen rijiyar Kusugu, inda tarihi ya ce Bayajidda ya kashe macijin da ke hana ɗibar ruwa sai ranar Juma'a. A lokacin iska na da sauran sanyin dare, mata na share ƙofar gida, almajirai na tilawa.

Dawowa ce aiki. Bayan Azahar kwalta na huci, sirdi ya yi zafi kamar tanda, iskar da ke dukan fuska kamar daga bakin maƙera ta fito, ga baki da azumi. A nan keke ya zama malamina. Na koyi jiƙa ƙyalle in shimfiɗa a ƙarƙashin hula. Na haddace kowace bishiyar bedi da ke kan hanya, na san wadda inuwarta ke kaiwa bakin titi da ƙarfe biyu. Na gane cewa mai gaggawa a bazara shi ke riga kowa faɗuwa; sannu ba ta hana zuwa. In rairayi ya riƙe taya, a sauka a tura. In tsidau ya huda ta, akwai wani dattijo mai faci da zai tsoma tif cikin kwanon ruwa yana neman inda kumfa ke tashi, ya shafa sholisho, mu jira ya sha iska muna hirar damina.

Abin da na fi kewa shi ne sauka. Mai keke ba ya wuce manya a kan sirdi. Sai ka ja birki, ka diro, ka rusuna.

"Barka da rana, Baba."

"Barka kadai, Malam. Ya ƙishirwa?"

"Alhamdu lillahi."

Haka a ƙofar fadar Mai Martaba Sarki Muhammadu Bashar, turawa nake yi har in wuce. Ta wannan sauka na san wanda ba shi da lafiya, da gidan da aka yi haihuwa, da uban da ya hana ɗansa zuwa makaranta saboda kiwo. Yara da dama a bakin hanya na roƙo su suka koma aji.

Da na sayi babur, na huta da gumi, amma gaisuwata ta koma ɗaga hannu, labarin unguwa kuma sai daga baya yake iso ni.

Tun da aka janye tallafin man fetur a watan Mayun 2023, na ga ma'aikata na kakkaɓe tsofaffin kekunansu, wasu da ɗan jin nauyi. Ni ban ga abin kunya ba. Nawa na sauko da shi daga zaure, na sa aka canja masa taya da birki, na miƙa wa ɗan ƙanena da ya fara koyarwa. Abu uku na ce masa: ka fita da sanyin safiya, ka san inuwarka, in ka ga manya kuma ka sauka.