Abin da ke Bayan Goshi

'Yan uwa marubuta, kun san wannan fitowar a littattafanmu: Alhaji ya ji mummunan labari, hawan jini ya kayar da shi, ɓarin jiki ya shanye, baki ya rufe. Amma wane ɓarin? Ba kasafai muke faɗa ba, alhali amsar tana bayan goshi.

Sashen gaba na ƙwaƙwalwa tudu ne da kwari, kamar kunyoyin gona. Wani kwari mai zurfi ya gangaro daga tsakiyar kai ya nufi kunne, shi ne iyakarsa ta baya. Tudun da ke gaban kwarin shi ke ba gaɓoɓi umarnin motsi, kuma a gicciye: na hagu ke juya damar jiki. Ƙafa tana can sama, hannu a tsakiya, fuska da harshe a ƙasa. Dab da gurbin harshen, ta hagu a yawancin mutane, nan ake harhaɗa magana. A 1861 likitan Faransa, Paul Broca, ya ga lahani a wurin cikin ƙwaƙwalwar wani majinyaci da ya yi kusan shekara 20 ba ya iya furta komai sai "tan".

Shi ya sa wanda maganarsa ta ɗauke, galibi hannun damansa ne ke mutuwa, kuma yana gane yawancin abin da ake faɗa. Nan ne ya fi taɓa ni. Iyalin Alhaji suna lissafin gado a gefen gadonsa, yana jin su, kalma ta ƙi fita, hannun da zai riƙe biro kuma ya ƙi ɗaguwa.